Hoton da Ta Tsufar da Hannunta

Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura aurenta da Sahabi, wata maƙwabciyarsu ta leƙo shago tana haki ta ce, "Bilkisu, tashi maza, Baba Dogo na kiranki gida. Ya ce ko mi kike yi ki aje."

Baba Dogo bai taɓa aiko mata kira wurin aiki ba. Ta gaya wa Oga James, mai shagon hoton da take wa aiki, za ta je ta dawo, ta ja mayafi ta bi ta bayan kasuwar Yelwa tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Baba Dogo wan mahaifinta ne, kuma shi ne waliyyinta tun da mahaifin ya rasu. Bai taɓa son Sahabi ba. A cewarsa, yarinyar da ta yi karatun kwamfuta har Kaduna, wadda duk Yauri ita kaɗai ta iya gyaran hoto a na'ura, ba ajin matuƙin jirgin ruwa ba ce. Shi Magaji yake so ta aura, mai injin casar shinkafa a Shanga, wanda Bilkisu ta mayar da shi har sau biyu. Sai da aka kwashe shekara da rabi ana kai gwauro ana kai mari kafin ya amince da Sahabi, shi ma da ƙyar.

Tana shiga zaure ta tarar ba shi kaɗai ba ne. Baba Dogo na zaune bisa buzunsa. A damansa Magaji ne cikin farar shadda. Can bakin ƙofa Sahabi ya durƙusa, ƙafar wandonsa a naɗe, da alama daga bakin ruwa aka kirawo shi. Innarta kuwa tana tsaye a ƙofar shiga cikin gida, ta riƙe bango.

Bilkisu ta durƙusa ta gaida su. Babu wanda ya amsa da kyau.

Baba Dogo ya zaro wani ɗan hoto daga aljihu ya miƙa wa Sahabi. "Duba min wanga. Ka san wagga mata?"

Sahabi ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Innata ce," ya ce da wata irin murya da ba ta san shi da ita ba. "Wallahi Innata ce, Baba. Ga 'yan tsagar nan biyu a kumatunta. Ina shekara bakwai ta rasu, ba ni da hotonta ko guda. Ina aka samo?"

"Juya bayan."

Ya juya, ya karanta a hankali abin da aka rubuta da fensir. "Aminatu tana shayar da Bilkisu. Warra, 1979."

Sahabi ya ɗago ya dubi Bilkisu, ya sake duba hoton, sannan hawaye suka zubo masa.

"To kun dai ji," in ji Baba Dogo. "Ƙanena a Warra yake aikin kifi lokacin da aka haifi yarinyar ga, kowa ya sani. In ta sha nonon uwarka, ƙanwarka ce. Babu aure tsakaninku, duniya da lahira. Allah ya saka wa Magaji da alheri, shi ya tsinto hoton hannun wasu mutanen Warra, ya kawo kafin a yi ɓarna."

Magaji ya sunkuyar da kai. "Ni dai tsoron Allah ya sa na kawo, Baba. Ban so ba wallahi."

"Ba ni in gani," in ji Bilkisu.

Hoton na taɓa tafin hannunta ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Mace ce zaune a bakin ruwa, ta rufe jariri da mayafi a ƙirjinta. Kusurwoyin hoton sun yi duhu, gefe-gefe ya dusashe, launin ya koma ruwan ɗorawa. Daga ƙasa ta hagu wani jan haske ya taso kamar harshen wuta.

Baba Dogo ya nuna jan hasken da yatsa. "Kin ga wannan? Kyamarar ubanki ce. 'Yar robar nan da ya sayo kamar abin wasan yara, wadda ta tsage a gindi. Duk hoton da ya ɗauka sai wanga jan ya fito. Ko cikin dubu na gan shi na san shi."

Ita ma ta san shi. Ita ta zana shi da hannunta, sati biyar da suka wuce.

Wani mutum ne ya shigo shagon ranar wata Talata, ya ce sunansa Ɗanjuma, daga wajen Shanga. Ya ajiye mata hotuna biyu. Ɗaya tsohon fasfo ne na wata mata, har ya fara cin tsatsar ƙusar da aka maƙala shi da ita. Ɗayan sabo fil, wata ce daban zaune bakin ruwa da goyo a ƙirji. Ya ce mai fasfon mahaifiyarsa ce, ta rasu yana jariri, babban burinsa ya ga hotonta tana riƙe da shi. Ya roƙe ta ta ɗora fuskar uwar a jikin wancan hoton. Yana magana yana share ido da gefen hula.

Sai ya ɗaga kai ya ga hoton da ta maƙala a bango saman kwamfuta, na mahaifinta, wanda aka ɗauka da kyamarar robar. Ya ce, "Malama, za ki iya sa shi ya zama irin wancan? Ya fito kamar na da?"

Tausayi ya kama ta, don ita ma ta san zafin rashi. Kwana uku ta yi a kan aikin. Ta sauko da hoton mahaifinta ta ajiye gefen allo tana kwaikwayo, ba ta bar komai ba, har jan hasken nan sai da ta auna tsawonsa. Da Ɗanjuma ya zo karɓa ya yi ta sa mata albarka. Ranar ta koma gida da farin ciki, tana ganin ta yi aikin lada.

Yanzu ga shi a hannunta. An ƙara masa ƙura da lanƙwasa, takardar tana warin hayaƙin banda.

"Baba," ta ce, "hoton nan ba na da ba ne. Ni na yi shi. A kwamfuta na yi shi, watan jiya."

Baba Dogo ya dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Ke kika yi shi."

"Wallahi ni ce. Wani ya kawo min fasfo, ya ce..."

"Rufe min baki! Ashe son yaron ga ya kai ki ga rantsuwa bisa ƙarya? Ana gaya miki haramun kina neman hanyar zagayawa? Hoton da ya girme hankalinki za ki ce ke kika yi?"

Magaji ya yi gyaran murya. "A yi mata uzuri, Baba. Ruɗewa ce. Ko ni ne aka ce wa haka kwana kaɗan kafin biki, sai in faɗi abin da ban sani ba."

Ta juya ta kalle shi. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Na gama magana," in ji Baba Dogo yana miƙewa. "Gobe bayan azahar zan aika a gaya wa dangin yaro an fasa. Kai kuma, kar in sake ganin ƙafarka a ƙofar gidan ga da sunan zance."

Sahabi ya tashi kamar wanda ya yi jinyar wata guda. Ya fita.

* * *

Bayan la'asar ta same shi a bakin ruwa, nesa kaɗan da inda mata ke kasa kifi. Yana zaune a gefen jirginsa, injin a buɗe, amma ba gyaran yake ba. Ta tsaya daga nesa kaɗan, inda kowa zai iya ganinsu.

"Sahabi."

Bai ɗago ba. "Ki koma gida, Bilkisu."

"Ba ka yarda da ni ba ke nan."

"Ban ce ba."

"To dube ni ka ce ka yarda."

Ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. "Ki gaya min yadda zan yi. Shekara goma sha tara ina ƙoƙarin tuno fuskar Innata, kullum sai ta guje min. Yau na gan ta. Na gan ta da idona, tana zaune bakin ruwa. Sai ki ce min ba ita ba ce?"

"Fuskar tata ce. Jikin na wata ne. Ni na ɗauko fuskar na ɗora, ni na daidaita wuyan, har inuwar ɗankwalin ni na sa." Kuka ya ƙwace mata. "Ban san ita ba ce, Sahabi. Da na sani, da kai zan fara kai wa. Da hannuna na yi abin da za a raba mu da shi, ina yi ina murna."

Ya runtse ido. "Kin san ba abin da nake so duniya kamar ki. Na sayar da tsohon jirgina na gina ɗaki, na jure duk maganar da Baba Dogo ya gaya min gaban mutane. Zan iya jure goma irinta. Amma in akwai ko ɗigon gaskiya a wagga magana, ya zan yi da Allah? In mun haifi 'ya'ya fa, sannan daga baya..."

Ya kau da kai.

"Ni ma tsoron Allah nake," ta ce tana share fuska da gefen mayafi. "Kana tsammanin zan yarda in zauna da kai a kan haramun? In da gaskiya ne, ni zan fara ce maka ka tafi, ko da zai kashe ni. Amma ƙarya ce aka ƙulla, kuma na san ta domin ta hannuna ta bi."

"Akwai shaida?"

Kafin ta zo ta biya shago, ta bincike kwamfutar ciki da bai. Babu aikin. Na'urar ba ta da wurin ajiya mai yawa, duk ƙarshen sati Oga James kan goge ayyukan da aka riga aka karɓa. Shi kansa bai ga Ɗanjuma ba, yana Kontagora sayen takardar hoto a kwanakin.

"An goge," ta ce a hankali.

Sahabi ya dafe kai.

"Amma hannun da ya yi yana nan. Ka taimake ni da abu guda. Ka je wurin Baba bayan magariba, ka roƙe shi ya zo shago gobe da safe, kafin ya aika wa danginku. In ya ga dama ya zage ka, ka dai tsaya har ya amsa."

"In ya zo, sai mi?"

"Sai in sake yin ƙaryar a gabansa."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Wani jirgin fasinja ya wuce, igiyar ruwansa ta zo ta girgiza nasa.

"Zan je," ya ce.

* * *

Baba Dogo ya zo, amma ba don ya yarda ba. Ya ce zai zo ne don a kunyata ƙarya gaban shaidu, shi ya sa ya taho da Magaji, ya kuma sa Innar Bilkisu ta biyo su. Oga James ya fito da kujeru ya jera, ya ce wa masu jiran ɗaukar fasfo su dawo da yamma. Sahabi ya tsaya a bakin ƙofa.

"To ga mu," in ji Baba Dogo. "Nuna mana sihirin."

Bilkisu ta goge tafin hannunta da ya jiƙe da zufa. "Baba, wane hoto ne naka wanda ka tabbata sabo ne?"

Oga James ya ce, "Akwai wanda na ɗauke shi da ƙaramar Sallah, shi da sabon babur ɗinsa. Bai zo ya karɓi na biyun ba." Ya jawo durowa ya zaro. Ga Baba Dogo nan tsaye cikin shuɗiyar riga, hannunsa bisa babur, ko ledar kujerar ba a cire ba.

"Ka yarda wannan na bana ne?"

"Ina hauka ne? Babur ɗin ko wata huɗu bai yi ba."

Ta kwantar da hoton cikin sikana. Na'urar ta yi ƙugi, haske ya bi ta ƙarƙashin murfi, sai ga Baba Dogo da babur ɗinsa sun bayyana a allo. Ya ɗan ja baya da kujerarsa.

Ta yi bisimilla, ta kama linzamin kwamfutar.

Ta fara yanke hoton, ta cire sama da gefe har ya zama mai kusurwa huɗu daidai. "Kyamarar Babana haka take fitar da hoto, ba ta yin dogo," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba.

Sannan ta zana da'ira a tsakiya ta ware ta, ta dusashe duk abin da ke wajenta. Bangon da ke bayan Baba Dogo ya narke, tayar babur ta baya ta yi hazo-hazo, fuskarsa kaɗai ta rage ras. "Idon kyamarar na roba ne, ba gilashi ba. Tsakiya kawai yake gani da kyau."

Ta shimfiɗa baƙi a kan hoton gaba ɗaya, ta goge tsakiyarsa a hankali, ta bar duhu ya taru a kusurwoyi huɗu.

Magaji ya yi 'yar dariya. "Baba, wannan ai ɓata hoto ne kawai. Kowa ya iya ɓata abu."

Kafin wani ya amsa, fanka ta tsaya. Allon ya yi baƙi ƙirin. An ɗauke wuta.

Bilkisu ta ji kamar numfashinta aka ɗauke. Ba ta ajiye aikin ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Magaji yana miƙewa. "Allah ma bai yarda ba. Baba, mu tafi, rana na yi, ga aike na jiranka."

Baba Dogo ya dafa gwiwa zai tashi. Oga James ya ruga bayan shago wurin janareto. Suka ji ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, injin sai tari yake yana mutuwa.

"Baba, don Allah," in ji Bilkisu. Ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa. "Don darajar ƙanenka da ke kabari. Minti goma."

"Kar ki sa min ƙanena cikin wagga magana."

"Shi aka fara sawa, Baba. Da sunan kyamararsa aka zo maka."

Baba Dogo ya gyara zama. Sahabi ya riga ya zagaya baya. Suka ji ƙarar ƙarfe, suka ji yana hura wani abu, sai janareton ya kama da ƙarfi har kwanon shagon na rawa. Ya dawo hannunsa baƙi da mai, ya koma inda yake tsaye.

Ta sake farawa daga farko. Ta yanke, ta dusashe, ta duhunta. Ta shiga wurin launi ta rage shuɗi, ta ƙara ruwan ɗorawa da ɗan kore, rigar Baba Dogo ta koɗe nan take kamar an shekara ashirin ana wanke ta. Ta watsa wa hoton tsaki-tsaki kamar an barbaɗa garin gero. Zufa na bin bayanta, ba ta kula ba.

Saura abu guda. Ta zaɓi ja mai haɗe da ruwan lemo, ta ɗora a ƙasa ta hagu, ta ja shi sama, ta lanƙwasa bakinsa, ta sassauta shi har ya zama kamar haske ne ya sato hanya ya shiga.

A bayanta ta ji Baba Dogo ya ce, "La'ilaha illallahu."

Firinta ta turo takardar a hankali. Bilkisu ta yanke gefen da almakashi, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya zaro na jiya daga aljihu ya haɗa su gefe da gefe. Ya kai su kusa da ido, ya nisanta, ya fita bakin ƙofa inda rana take ya sake dubawa.

"Ga ni nan," ya ce kamar mai magana shi kaɗai. "Ga babur ɗin da na saya bana. Ga kuma jan kyamarar mutumin da ya shekara tara a ƙasa."

Oga James ya karɓi na jiyan ya juya bayansa, ya kankare ƙurar da farce. "Alhaji, dubi tambarin nan. Irin takardar da nake sayowa ce. Ba a fara kawo ta ba sai shekara biyu da suka wuce. Hayaƙi kawai aka ba ta."

Baba Dogo ya juyo a hankali. "Magaji. Su wane ne mutanen Warran da suka ba ka hoton ga?"

"Baba, ni ma ba ni aka yi..."

"Wa ya ba ka?"

"Wani ne."

"Ɗanjuma sunansa?" in ji Bilkisu. "Gajere, mai karyayyen haƙori a gaba?"

Sahabi ya ɗago kai da sauri. "Wannan ai shi ke kula masa da injin casa. Sau nawa ina ɗauko shi da buhuna daga Shanga."

Magaji ya ja da baya. Ya dubi ƙofa. Sahabi ya matsa gefe ya ba shi hanya, ko kallonsa bai yi ba. Har ya kai bakin titi Baba Dogo ya ɗaga murya, yadda duk masu shagunan layin suka ji: "Ka ci amanar gidana, ka sa na kusa yanke hukunci bisa ƙarya! Kar ka sake gaishe ni!"

Bilkisu ta kifa kai bisa teburin kwamfuta ta fashe da kuka, kukan da tun jiya take dannewa. Ta ji Sahabi yana ta maimaita hamdala. Ta ji Baba Dogo ya dawo ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗiyata, na zalunce ki. Yaro, kai ma ka yi haƙuri. Aure na nan ranar da aka sa."

Sai ya juya wurin Inna, yana ɗan murmushin jin kunya. "Mariya, ke ma da kin yi magana tun jiya ai da ba a kai nan ba. Ke kika haife ta. Faɗi gaban kowa a rufe zancen: ban da ke, akwai wadda ta taɓa shayar da yarinyar ga?"

Inna ta sunkuyar da kai.

Bilkisu ta ɗago kai. Innarta na zaune a ƙarshen benci, ta cusa hannuwa cikin mayafi, hawaye na sauka bisa cinyarta.

"Inna?"

"Hoton ƙarya ne, Yaya," in ji Inna, ba ta dubi kowa ba. "Amma wanda ya ƙulla shi ya ji wani abu ne a Warra."

Murmushin Baba Dogo ya ɓace.

"Haihuwar ta zo min da wuri, damina ta yanke hanya, ban samu zuwa gida ba. Bayan na sauka zazzaɓi ya kama ni. Kwana goma sha bakwai ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na tarar da ita ta yi ɓul-ɓul. Na tambayi mahaifinta, ya ce matan unguwa ne suka taimaka. Mata uku. Biyu na san su, na je na yi musu godiya. Ta ukun, ya ce matar wani masunci ce da suka sauka kwana kaɗan suka tashi. Ban ga fuskarta ba. Ban san sunanta ba."

"Shekara ashirin da huɗu," in ji Baba Dogo, "ba ki taɓa faɗi ba?"

"Masunta nawa ne a Warra, Yaya? Ban taɓa kawo wa raina ba. Sai jiya da na ji an haɗa mahaifiyarsa da Warra, na ji shekarar. Tun jiya ban runtsa ba. Na ce in yi shiru tunda ban tabbata ba, sai na ga ba zan iya haɗuwa da Allah da shi ba." Ta juyo wurin Bilkisu, ta kasa kiran sunanta, kasancewarta 'yar fari. "Ke, ki yafe min."

Bilkisu ta dubi Sahabi. Ya jingina da ƙofa, bakinsa na motsi ba sauti. Mahaifinsa masunci ne. A waɗancan shekarun suna yawo ne daga wannan tungar masunta zuwa waccan, shi da kansa ya sha ba ta labari.

"Wa zai sani?" ta ce. "Inna, dole akwai wanda ya sani."

"Mutum guda ta rage. Jummai ungozoma, ita ta karɓi haihuwar, ita ta riƙa kai ki gidajen. Tana wurin ɗanta a Tungar Dudu, tsallaken ruwa gaba da Warra." Inna ta share ido. "Amma ranar kasuwar da ta wuce na ji mata masu kifi na cewa jikinta ya yi tsanani. Wai ko ruwa sai an ɗura mata. Wai magana ma ɗaya-ɗaya take fita."

Sahabi bai jira ƙarshen zancen ba. Ya juya ya fita da gudu, ya nufi bakin ruwa.

Bilkisu ta fizgi mayafinta ta bi bayansa.

"Ke! Ina za ki?" Baba Dogo ya daka mata tsawa. "Ku biyu cikin jirgi guda, alhali ba a san matsayinku ba?"

Inna ta miƙe, ta ɗaure zanenta tamau. "Ƙyale ta, Yaya. Ni zan zauna tsakaninsu. Ni ya kamata in yi wagga tambaya tun tuni."

Baba Dogo ya tsaya da hotuna biyu a hannu, yana dubansu suna sauka gangaren. Can ya tura hotunan aljihu, ya ce wa Oga James ya kula masa da babur, ya tattare rigarsa ya bi su.

Ko da suka isa, Sahabi ya riga ya kwance igiya, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa ya riƙe jirgin. Ya ba Baba Dogo hannu ya hau, ya ba Inna. Da aka zo kan Bilkisu ya miƙo hannun, sai ya tsaya, ya janye shi a hankali ya mayar bayansa.

Ta kama gefen jirgin ta hau da kanta.

Ya ja igiyar injin. Tafiyar awa uku ce zuwa Tungar Dudu, in ruwa ya kwanta.